Daga garmaho zuwa katin memori: yadda na'urorin jin waƙa ke aiki da yadda suke lalacewa

Idan makaɗi ya buga kalangu, fatar ce ke karkarwa, tana tura iska gaba da baya sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda har girgizar ta iso kunne. Wannan girgiza ita ce sauti. Duk na'urar da aka taɓa ƙerawa don jin waƙa, tambaya ɗaya take amsawa: ina za a ajiye siffar girgizar nan, kuma da me za a sake tayar da ita? An fara ajiye ta a tsaga a jikin faifai, aka koma maganaɗisu a jikin zare, daga baya aka mayar da ita lambobi. Wurin ajiyar nan shi ke nuna irin cutar da za ta kama kowace na'ura, wato dalilin da ya sa garmaho ke cin allura, rikoda ke tauna kaset, CD kuma ke tsalle.

A 1857 wani Bafaranshe mai suna Édouard-Léon Scott de Martinville ya yi rajistar na'urar da ke zana sauti. Ana magana a bakin ƙaho, tantanin da ke ƙarshensa ya girgiza, wani siririn tsinke ya zana girgizar a kan takardar da aka shafe da kunkunniya. Zanen kawai take yi, ba ta maimaita muryar. Sai a 2008 masana a Amurka suka karanta ɗaya daga cikin zanensa na 1860 da kwamfuta aka ji abin da ke ciki. Wanda ya fara sa na'ura ta maimaita magana shi ne Thomas Edison a 1877. Ya naɗe takardar kuza a jikin silinda, allura tana lotsa ta yayin da ake juyawa da hannu, in aka mayar da allurar farko ta bi sawunta sai muryar ta fito. Takardar kuza ba ta jure maimaici, shi ya sa aka koma silindar kaki, wadda ke ɗaukar kimanin minti biyu. Babbar matsalarta a shekarun farko ita ce yawaitawa. Mawaƙi kan tsaya gaban na'urori da dama ya rera, a cire silindojin a saka sababbi, ya sake rerawa, haka har muryarsa ta dushe.

Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, shi ya kawo mafita da garmaho a 1887. Maimakon silinda sai ya yi faifai shimfiɗaɗɗe, tsagar tana zagayawa daga baki zuwa tsakiya, allura tana kaɗawa hagu da dama a cikinta. Amfanin faifai shi ne ana yin uwa guda ta ƙarfe, a riƙa danna ta a kan abu mai laushi ana fitar da dubbai. Kamfanin Edison ya yi ta jayayya har 1929 kafin ya daina yin silinda, amma kasuwa ta riga ta yanke hukunci tun kafin nan.

Garmaho na hannu ba ya bukatar lantarki ko batir, kuma wannan ne ya sa ya kai garuruwan da wuta ba ta je ba. A cikin akwatin akwai sifirin mai faɗi naɗe a cikin gwangwanin ƙarfe. Murɗa hannun da ake yi ɗaure shi ake yi, warwarewarsa kuma ita ke juya farantin. Don kada gudun ya fara da ƙarfi ya ƙare a sanyaye, akwai wasu ƙananan ƙarafa masu nauyi, galibi uku, da ke buɗewa idan juyi ya yi yawa su ja birki, har gudu ya tsaya a juyi 78 cikin minti. Sautin kuma ƙarfin allura ne zalla: tana girgiza, sandar da ke riƙe da ita ta kai girgizar ga tantani, ƙaho ya faɗaɗa ta. Babu maɓallin ƙara murya. Mai son sauti ya tashi sai ya sa allura mai kauri, mai son ya kwanta ya sa siririya.

Faifan kansa ana yin sa da wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya da maƙwabtanta, a gauraya shi da garin dutse. Garin dutsen da gangan ake sa shi, domin ya ci bakin allurar ƙarfe ta zauna daidai da tsagar cikin 'yan juyin farko. Kan da ke ɗauke da allurar ya fi giram 100 nauyi, to kafin a kai ƙarshen gefe ɗaya bakin allurar ya riga ya yi kaifi ta gefe. In aka sake amfani da ita, ita ce za ta koma cin faifan. Ƙa'ida ita ce allura ɗaya, gefe ɗaya, shi ya sa ake sayar da su ɗari-ɗari a 'yan ƙananan gwangwanaye. Yawancin tsofaffin faya-fayen da ake samu tsagarsu ta yi fari-fari suna ta shuu, tsumulmular allura ce ta kashe su. Sauran cututtukan garmaho sanannu ne: man da ke cikin gwangwanin sifirin yana daskarewa, sai a ji yana buga ƙara kwatsam a tsakiyar waƙa, robar da ke kewaye da tantani kuma tana bushewa, sauti ya koma zizara. Wanda ya gaji irin wannan faifai ya kiyaye abu ɗaya, kada sifirit ya kusance shi, domin narkar da ƙaron yake yi nan take. Ruwa kaɗan da ɗigon sabulu mai laushi sun isa, a shanya shi a inuwa, a ajiye shi a tsaye.

Faifai mai faɗin inci 10 minti uku da ɗan wani abu yake ɗauka a gefe guda, mai inci 12 kuma huɗu zuwa biyar. Daga nan ne waƙar Turawa ta zamani ta samo tsawonta na minti uku. Ga makaɗin Hausa kuwa wannan ƙunci ne, domin waƙar fada ko ta noma ba ta san agogo ba, tana tafiya ne da amshi da kirari da yanayin taro. Duk wanda aka ɗauka a irin wannan faifai, gutsuren waƙarsa aka samu. Har zuwa 1925 ma babu makirfo a wurin ɗauka, sai dai masu kiɗa su taru a bakin ƙaho, mai ƙarfin murya a ja shi baya, mai sanyin murya a matso da shi. Shigowar makirfo da amfilifaya a wannan shekara ita ta sa kaurin ganga da siririn sauti suka fara shiga faifai.

A 1948 kamfanin Columbia ya fitar da babban faifan roba mai juyi 33⅓ a minti, wanda ke ɗaukar sama da minti 20 a gefe. Shekara guda bayan haka RCA Victor ya kawo ƙarami mai inci 7 da juyi 45. Roba ta fi ƙaro santsi, saboda haka aka rage faɗin tsaga, allura ta koma ɗan ƙaramin lu'ulu'u, nauyin da take dannawa da shi ya sauko zuwa giram biyu ko uku. Yanzu girgizar allura lantarki take haifarwa a cikin 'yar naɗaɗɗiyar waya da maganaɗisu, amfilifaya ta ƙarfafa shi, lasifika ta fitar. Akwai wata dabara a nan da ke rikita mutane har gobe. Sauti mai kauri yana sa allura ta yi kaɗi mai faɗi ya cinye fili, don haka a wurin yanka faifai ana rage shi a ƙara siririn sauti, sai na'urar sauraro ta juya lissafin. An daidaita wannan ma'auni a Amurka a 1954. Shi ya sa in aka haɗa na'urar faifai da amfilifaya ta ramin da ba nata ba, sai a ji sauti ƙasa-ƙasa, siriri, babu nauyi. Ramin da aka rubuta Phono shi ke da wannan gyara. A 1958 aka fara sayar da faifai mai sauti biyu, hagu a bango ɗaya na tsagar, dama a ɗayan. A wannan zamani ne kamfanoni irin su EMI suka buga faya-fayen mawaƙan Arewa, ciki har da Alhaji Mamman Shata.

Faifan roba yana da maƙiya uku a ƙasarmu. Zafi yana lanƙwasa shi, ko a mota da rana ko a ɗakin kwano in an jibge shi a kwance. Ƙurar hunturu tana maƙalewa a tsaga saboda busasshiyar iska na sa roba ta riƙa jan ƙura, kuma ita ce ƙas-ƙas ɗin da ake ji. Na uku lantarki ne. Na'urorin da aka yi don Amurka wuta mai ƙarfin volt 110 suke ci, namu kuwa 220 zuwa 230, kuma ko an sa taransifoma ba a gama ba. Wutar Amurka tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar sau 50, injin da yawa daga cikin tsofaffin na'urorin kuma da wannan kaɗawa yake auna gudunsa. Faifan da ya kamata ya yi juyi 33⅓ sai ya yi ƙasa da 28, muryar mawaƙi ta yi kauri tana ja. Maganinsa canza ɗan ƙarfen da bel ke zagayawa a kan injin zuwa wanda aka yi don 50.

Hanyar maganaɗisu ta faro ne daga Valdemar Poulsen na ƙasar Denmak, wanda ya ɗauki murya a kan wayar ƙarfe a 1898. Jamusawa suka mayar da ita zare mai shafin garin ƙarfe, kamfanin AEG ya nuna na'urarsa a Balin a 1935. Gidajen rediyo sun daɗe suna aiki da manyan faya-fayen zare, amma abin da ya kai fasahar hannun talaka shi ne kaset, wanda kamfanin Philips na Holan ya fitar a 1963 ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens. Philips ya bar sauran kamfanoni su yi irinsa ba tare da biyan kuɗi ba, kaset ɗin kowa ya shiga rikodar kowa.

A ganina babu na'urar da ta yi wa Hausawa aiki kamar kaset, kuma dalilan a fili suke. Rikoda tana aiki da batir. Tana jure jijjigar mota, abin da allura ba ta iyawa. Gefe guda na kaset mai minti 90, wato C90, minti 45 ne, wanda ya ishi waƙa ta miƙe yadda mai ita ya so, ya ishi karatun tafsiri. Fiye da duka, ita ce ta ba talaka damar ɗauka da kansa. Ba sai kamfani a Legas ya ga dama ba, kowa na iya ajiye rikoda gaban makaɗi a wurin biki, ko gaban malami, ko ya ɗauki saƙon murya ya aika wa ɗan'uwa a Sudan ko Makka. Wa'azin Sheikh Abubakar Gumi da na sauran malamai ya zaga ƙasa ta wannan hanya, kasuwar Ƙofar Wambai a Kano kuma ta zama cibiyar kwafi da rarrabawa. Illar ita ce mawaƙi ba ya samun komai daga yawancin kwafin, kuma kowane kwafi daga kwafi yana ƙara shuu yana rage tsabta. Sony ya ƙara wa kaset farin jini da Walkman a 1979, wanda ya mayar da sauraro abin mutum ɗaya da abin kunnensa.

Zaren kaset faɗinsa milimita 3.81 ne, yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa. C60 yana da zare kusan mita 86, C90 kusan 130, kuma tun da gidan ɗaya ne, ƙarin tsawo na nufin ƙarin siranta. C120 ya fi kowanne saurin miƙewa da tsinkewa. Mutane da yawa suna zaton ƙafafun nan biyu masu haƙora su ke jan zare. Ainihin mai ja wani siririn ƙarfe ne mai juyawa, da 'yar tayar roba da ke matse zaren a jikinsa. Su ke daidaita gudu, ƙafar dama kuwa naɗe abin da suka turo kawai take yi. Daga nan ake gane taunar kaset: in bel ya saki ko ƙafar naɗi ta tsaya, ƙarfen bai san an tsaya ba, yana ta turo zare, zaren ya rasa wurin zuwa ya naɗe a jikin tayar. Haka ma in tayar ta yi santsi ko ta yi danƙo saboda datti. Da an ji murya ta fara rawa a tsayar, a zaro kaset a hankali, a mayar da zaren da biro. Sannan a goge hed, wato kan da ke karanta zaren, da ƙarfen da auduga mai ɗan sifirit har baƙi-baƙin ya daina fita, tayar roba kuma a goge ta da ruwa, don yawan sifirit na busar da ita.

In sauti ya dushe kamar an rufe lasifika da bargo, abu uku ake dubawa. Ko hed ya yi datti, ko ɗan soson da ke cikin kaset mai danna zare a jikin hed ya faɗi, ko kuma hed ya karkace. Akwai ɗan sukurun da ke gefensa, ana juya shi kaɗan-kaɗan kaset na tafiya har siririn sauti ya fito sarai. Wannan na da muhimmanci ga tsofaffin kaset na gida, domin da yawansu an ɗauke su ne da rikodar da hed ɗinta ya riga ya karkace, sai an bi karkatar kafin a ji su da kyau. Batir mai rauni yana sa murya ta ja, wanda aka manta a ciki kuma yana zubar da ruwa ya ci ƙarafa. Kaset ba ya son kusantar lasifika, saboda maganaɗisun da ke bayanta yana goge abin da aka ɗauka. A saman kowane kaset akwai 'yan kunnuwa biyu na roba, in aka karya su maɓallin ɗauka ba zai danna ba.

CD, wanda Philips da Sony suka haɗu suka yi, ya shiga kasuwa a Japan a watan Oktoba na 1982. A nan an daina ajiye siffar girgiza kai-tsaye. Ana auna ta sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a rubuta kowane awo da lamba, a jera lambobin a matsayin 'yan ramuka a kan layin da ya fi kilomita biyar tsawo, cikin faifai mai faɗin santimita 12. Hasken leza ne ke karantawa, daga tsakiya zuwa baki, ba abin da ke taɓa faifan. Lambobin suna da ƙarin lissafin gyara kuskure, shi ya sa ƙaramin karce ba ya komai. Karcen da ya tsallaka layuka ɗan kaɗan yake ɓatawa a kowanne, wanda ya bi zagaye kuwa yana shafe dogon bayani a jere, lissafin ya kasa cikewa, waƙa ta yi tsalle. Don haka ana goge CD daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Gefen da ke da rubutu ma ya fi gefen ƙyalli haɗari, domin bayanan suna dab da ƙarƙashin fentin, karce a nan yana kankare su gaba ɗaya. Faifan da ake ƙonawa a kwamfuta kuma wani rini ne ke riƙe da bayanansa, rana da zafi suna kashe shi cikin 'yan shekaru. A kasuwanninmu irin wannan faifai mai araha ya fi yawa, musamman lokacin da VCD ya karɓi finafinan Hausa daga kaset ɗin bidiyo, kuma da dama daga cikinsu yau ba sa buɗuwa. A ɓangaren na'ura, ƙura a kan gilashin leza ita ce ta farko da ake zargi, bayanta sai raunin lezar kanta.

Minti ɗaya na CD yana cin kusan megabait 10. Masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, ciki har da Karlheinz Brandenburg, sun yi aiki kan yadda za a rage wannan nauyi ta hanyar zubar da sautin da kunne ba ya kamawa, misali ƙaramin sautin da babba ya danne a lokaci guda. Sakamakon shi ne MP3, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a farkon shekarun 1990. A ma'aunin kilobit 128 a daƙiƙa, minti ɗaya kusan megabait ɗaya ne. Ƙananan na'urorin MP3 sun fito a 1998, iPod na Apple ya biyo a 2001. A nan yankin wayar hannu ce ta yi aikin, tare da katin memori da shagunan masu tura waƙa. Katin gigabait 16 yana ɗaukar sama da awa 250. Daga baya aka koma sauraro kai-tsaye ta intanet a Spotify, Boomplay, Audiomack da YouTube, inda waƙar ba ta hannun mai sauraro, tana rumbun kamfani, ranar da aka cire ta ko data ta ƙare shi ke nan.

Abin da MP3 ya zubar ba ya dawowa. In aka ɗauki waƙar da aka riga aka matse aka sake matse ta, ko aka mayar da ita bidiyo aka tura ta manhajar da ke rage nauyi, asara ce kan asara, har kuge da shantu su koma kamar ana wasa da ruwa. Katin memori kuma ba ya gargaɗi kafin ya mutu. Akwai na jabu da ke nuna gigabait 32 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar waƙoƙi yana rubuta sababbi a kan tsofaffi, sai an zo saurare a tarar da rabi ba sa buɗuwa.

Abin da ya fi damuna a duk wannan shi ne kaset ɗin da ke jibge a akwatuna a gidaje, da manyan faya-fayen zare na gidajen rediyo. Akwai waƙoƙi da karatuttuka da hirarraki da babu su a ko'ina sai a can, kuma rikodar da za ta karanta su tana ƙarewa da sauri fiye da zaren kansa, tun da an daina yin masu kyau, masu gyara ma suna raguwa. Wanda ke da irin wannan kaset ya fara da duba shi: in akwai farar fumfuna a jikin zaren a ware shi daban, in soson ya faɗi a manna wani, in gidan ya fashe a mayar da zaren cikin gidan wani kaset mai sukurori. A karya kunnuwan sama, a tura zaren gaba har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya don ya saki. A gwada rikodar da kaset marar amfani tukuna. Sannan a haɗa ramin fitar sauti na rikoda da kwamfuta ta waya, kada a kanga wayar hannu a bakin lasifika, a daidaita ƙarfi yadda ma'aunin sautin ba zai kai jan layi ba. A ajiye a tsarin WAV marar matsi, wanda C90 guda zai ci kusan gigabait ɗaya, daga shi a fitar da MP3 na rabawa. A rubuta sunan mai waƙar, da wurin ɗauka, da shekara in an sani, a jikin sunan fayil ɗin. Kwafi biyu a wurare biyu, kaset ɗin kuma a mayar da shi gidansa a ajiye a tsaye, nesa da rana da laima. Manyan faya-fayen zare na shekarun 1970 da 1980 kuwa wasunsu sukan yi danƙo su riƙa ƙara a jikin hed suna zubar da garinsu, irin waɗannan a tsayar da su nan take a nemi ƙwararren ma'ajin sauti, domin juyi ɗaya na iya kankare abin da ke kansu.